ZAUREN UWARGIDA: Kada Ki Buɗe Wa Ɓarawo Ƙofa Da Hannunki



Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonakin shinkafa a ƙasar Haɗejia, wata maƙwabciyata mai sana'ar turara shinkafa ta samu kiran waya. Mutumin ya yi sallama da Hausa tsantsa, ya jajanta mata, ya ce sunanta ya fito cikin masu tallafi, ta karanto masa lambobin da za su shigo wayarta. Baiwar Allah ta karanto. Kafin la'asar, kuɗin adashin da ta ɗauka sun bi ruwa.

Uwargida, gwamnati tana nata ƙoƙarin. An kafa hukumar EFCC a 2003, Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014, aka sa hannu a dokar laifukan intanet a 2015. Lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ministan sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, ya ce an kai wa shafukan intanet na ƙasar nan hari kusan sau miliyan 13, daga ciki da waje. To amma mu mutanen bakin kogi mun san jinga: komai tsayinta, ɗan rami guda ya isa ruwa ya shigo gari. Ramin nan kuwa sau da yawa wayar hannunmu ce.

Don haka ki riƙe waɗannan. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirrin katinki, ko lambobin da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar. Kada ki rubuta lambar sirri a bayan kati ki ba yaro ya kai wa mai POS. Idan wata ƙawa ta roƙi rance ta WhatsApp, kira ta ki ji muryarta tukuna. Idan wayarki ta ɓace, a rufe layin da asusun a ranar, kada a kwana.

In kuma tsautsayi ya afka, kada kunya ko tsoron faɗan maigida su sa ki yi shiru. Sanar da shi, ku garzaya banki.

Allah Ya tsare mana halaliyarmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.