Allurar Ciwon Dajin Hanji: Kada Ka Zauna Jiranta

Ɗan'uwa, wataƙila ka ji ana cewa an samo allurar da ke narkar da ciwon dajin babban hanji. Akwai gaskiya a maganar, amma saurara ka ji sauran.

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, likita Myriam Chalabi da abokan aikinta sun sa wa marasa lafiya magani biyu ta jijiya kafin tiyata: ipilimumab ɗan kaɗan sau ɗaya, da nivolumab sau biyu. Aikin maganin shi ne ya farkar da garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin da kanta. Rahoton 2024 ya nuna cewa a cikin mutum 111, kashi 68 cikin ɗari ba a tarar da ƙwayar cutar mai rai a hanjin da aka yanke musu ba. Ka lura, an dai yi musu tiyatar. Kuma dukansu masu wani irin ƙari ne da bai wuce mutum 15 cikin ɗari na masu wannan ciwo ba, wanda sai an gwada tsokar ƙarin ake gane shi. Maganin da tsada, kuma yakan taɓa hanta ko fata.

Saboda haka shawarata, kada ka sayar da saniya ka miƙa kuɗin ga mai tallar allura a kasuwa. Abin da ke kashe mutanenmu jinkiri ne. A Jazira duk jinin da aka gani a bayan gida sai a ce basir ne, ko tsargiyar ruwan tur'a. Sau da yawa haka ne. To amma in ka sha maganin tsargiya jinin bai tsaya ba, kana ramewa, yau zawo gobe cushewar ciki, ka zo a duba ka. Na san gwajin dubura da kunya, ga dattijai musamman, amma minti kaɗan ne. Ƙarin da aka kama da wuri, tiyata kaɗai takan raba mutum da shi.

Cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira tana Madani, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula aikin asibitoci. Ka tambaye mu inda ake aiki yanzu kafin ka biya kuɗin mota daga Maiwurno ko Damazin. In wani cikin iyayenka ko 'yan'uwanka ya yi wannan ciwo bai kai shekara 50 ba, ka faɗa mana, domin akwai wanda ke bin jini.