Kallo Ba Umarni Ba Ne: Tsokaci a Kan Sarrafa Jirgi Marar Matuƙi da Ido

A shekarar 2014, John Paulin Hansen da abokan aikinsa a ƙasar Danmak suka gwada tuƙa ƙaramin jirgi marar matuƙi ta hanyar kallon hoton da kyamararsa ke aikowa a allo. A irin wannan fasaha, na'ura kan haska ido da wani haske da mutum ba ya gani, kyamara ta auna matsayin ƙwayar ido da ƙyallin hasken, sannan kwamfuta ta lissafa inda ake kallo. Ga wanda hannuwansa suka shanye, wannan babban buɗi ne da ya cancanci goyon baya.

Sai dai na'urar tana sanin inda ido ya sauka ne kawai, ba ta sanin dalilin saukarsa. A nan Hausa tana da abin faɗa. Bahaushe ya bambanta gani da kallo, ya ware dubi da hange da leƙe da harara da ƙura ido, kuma kowace kalma tana ɗauke da irin niyyar mai ita. Duk waɗannan, a wajen kwamfuta, ɗigo ɗaya ne a kan allo.

Binciken kimiyya ya ƙarfafa wannan bambanci. Alfred Yarbus na Tarayyar Sobiyat ya nuna cewa yadda ido ke yawo a kan hoto guda yana sauyawa gwargwadon tambayar da aka yi wa mai kallo. Ido kan yi tsalle kamar sau 3 a kowace daƙiƙa, galibi ba da sanin mai shi ba. Tun a 1990 Robert Jacob ya kwatanta matsalar da labarin Sarki Midas na Girkawa, wanda duk abin da ya taɓa yake zama zinariya: idan kowane kallo ya zama umarni, mutum ba zai ƙara samun damar dubawa don ya tantance ba.

Haɗarin ya fi bayyana idan jirgin yana ɗauke da makami. A Disambar 2023, jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, rundunar ta kuma amsa cewa kuskure ne. Ba da ido aka sarrafa wannan jirgi ba, akwai tazara tsakanin gani da yanke hukunci, amma duk da haka aka kuskure. Ina ga an taƙaita tazarar zuwa ƙiftawar ido?

Saboda haka, ya kamata a bar ido ya nuna wuri, amma tabbatarwa ta zo daga wani aiki na daban da aka yi da gangan, kamar furuci ko danna maɓalli. Makami kuwa, kada a ɗora shi a kan kallo ko kaɗan. Haka nan, masana Hausa da za su ƙirƙiro wa fasahar kalmomi su guji kiran ta “mai karanta niyya”. Ido ya san kima, in ji Hausawa, amma na'urar da ke bin sa ba ta sani ba.