GYARA KAYANKA: Me ke sa ledar mota ta ɗaye?

Yanzu a tashoshin Maradi, Damagaram da Tawa, ana ganin motoci da babura an liƙa musu leda mai launi bisa penti. Wasu don ado, wasu don talla, wasu don kare penti daga rana da ƙura. Manomi kan saida gero da wake ya sai babur, ya biya kuɗɗi a liƙa mashi leda. Ba a yi wata biyu ba, sai baki-bakin ledar su hwara tashi. Iska ta shiga, ƙura ta shiga, kuɗɗi sun tahi banza.

Galibi ba ledar ce da laihi ba. Aikin ne aka yi da gaggawa.

Na hwarko, tsabta. Danƙon leda ba ya kama ƙura, ba ya kama mai. A wanke jikin mota da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai, har cikin lungu da bakin ƙohwa. Sannan a goge da tsumma mai tsabta da alkol mai digiri 70, irin wanda ake saidawa wajen masu magani. Wurin da ke da tsatsa, sai an kankare an gyara tukuna. Sabon penti kuma, a ba shi kamar wata guda ya bushe.

Na biyu, lokaci. Cikin watan Afrilu da Mayu zahi yana wuce digiri 40, ƙarhe kuwa ya hi haka in yana cikin rana. Leda ta kan yi laushi, ta kama tun ba a daidaita ta ba. Da hunturu, ƙura ke sauka bisa danƙo. Don haka a yi aikin cikin ɗaki ko rumhwa mai kariya, da sahe, a yayyahwa ruwa ƙasa don ƙura ta kwanta.

Na uku, kada a ja leda da ƙarhi. Leda tana da hali guda: in an ja ta, sai ta nemi komawa yadda take. Shi ya sa take hwara tashi wurin kwarmi da kusurwa. A danna ta da ɗan katin roba naɗe da ƙyalle, daga tsakiya zuwa gehe, iska ta hita. A bar ɗan saura kamar hwaɗin yatsa, a lanƙwasa shi bayan bakin ƙarhe. Kada a taɓa danƙon da hannu.

Na huɗu, dumi. Bayan an gama, sai mai aiki ya bi kwarmi da baki-baki da na'urar busa iska mai zahi, har wurin ya kai digiri 90, ya sake dannawa. Wannan ke sa leda ta zauna inda aka aza ta. Wanda bai yi haka ba, bai gama aiki ba.

Mai mota shi ma yana da nashi. Kada ya wanke ta sai bayan kwana 2. In mai ya zuba bakin tanki, ya goge nan take. In ya ga baki ya ɗaga, kada ya ja shi. Ya koma wajen mai aiki tun abin yana ƙarami.

Ga kuma zancen saye. Leda mai araha ta hi kauri da tauri, kuma ta kan tsuke cikin rana. Ta isa ga wuri shimhiɗaɗɗe, amma ba ta jure lanƙwasa. Mai saye ya tambaya kahin ya biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.