Hirar Gida: Kafin A Ɗaure Kaya Zuwa Urushalima

Kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, gyaɗa da wake sun fara fita kasuwa, kuɗi kuma ya ɗan zauna a aljihu. A irin wannan lokaci ne zancen zuwa Urushalima ya kan taso a gidajen masu bi, a nan ƙasar Ɗanbatta da sauran wurare. Wani ya ji ɗan'uwansa na birni ya dawo har an liƙa masa harufan JP a bayan suna. Wata kuma 'ya'yanta masu aikin albashi sun ce za su haɗa kuɗi su kai ta. To, a wannan wata za mu duba yadda a ke shirya tafiyar, da yadda a ke zagayawa da mutum in ya isa, domin wanda Allah ya nufa da zuwa ya dawo da riba, kada ya dawo da bashi da tarin hotuna kaɗai.

Lissafin gida tukuna

A wurin mai bin Yesu, zuwa Urushalima ziyara ce ta ganin ido da ƙarin sani. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ɗora ta a wuyan kowa. Wanda ya karanta Yahaya sura 4, wato zancen Ubangiji da matar Samariya a bakin rijiya, ya san an riga an warware batun wurin sujada. Tsohuwar da ta shekara 50 tana addu'a a majami'ar ƙauye ba ta gaza wanda ya je sau uku da kome ba.

Mun fara da wannan ne domin kuɗin kujera yanzu miliyoyin naira ne, musamman tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi ƙwarai a gaban dala. A ƙasa irin tamu kuwa gonaki manne su ke da juna, babu wani dajin da za a sare a yi sabuwar gona. Wanda ya sayar da gonar gado domin tafiyar kwana goma, da wuya jikokinsa su sake samun kamarta. Haka nan shanun huɗa. Maigida da uwargida su zauna tare su ware hatsin shekara, da kuɗin makarantar yara, da na taki, da ɗan abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Abin da ya ragu shi ne na tafiya, ko da tarin zai ɗauki shekara biyar. In kuwa ekklesiya ce za ta haɗa hannu ta aiki mutum ɗaya, a zaɓi wanda zai iya dawowa ya koyar, kamar fasto, ko mai bishara, ko shugabar zumuntar mata.

Ta wace ƙofa za a bi?

A da tafiyar tana da wuya, gama Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba ta maido da ita ba sai 1992. A 2007 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ziyarar Kirista, wadda a ke kira NCPC, hedkwatarta tana Abuja. Ita ce ke aiki da hukumomin jihohi, ita ce kuma ke ba kamfanonin tafiya lasisi. Saboda haka in wani ya zo da zaƙin baki ya ce yana da hanya ta rabin kuɗi, ku ce ya nuna lasisinsa, ku kuma sa fasto ko wani dattijo mai karatu ya bincika. Kada ku ba kowa kuɗi a hannu. A biya ta banki, a karɓi rasit, a ajiye shi inda a ke ajiye takardar gona.

Za a nemi fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida, fasfo kuwa ba ya samuwa sai da lambar NIN. Ku lura sunanku da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a kowace takarda, domin harafi guda ya kan tsai da mutum makonni. Akwai gwajin likita, akwai katin rigakafin shawara, ana kuma neman wanda zai tsaya wa mutum cewa zai dawo. Dalili shi ne waɗansu sun sha sulalewa daga cikin ayari su ɓuya neman aiki. Mai yin haka ya jefa wanda ya tsaya masa cikin wahala, ya kuma ƙuntata ƙofa ga na baya.

Wata tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in an fasa tafiya, ina makomar kuɗina? Yaƙin da ya ɓarke ran 7 ga Oktoba, 2023 ya tsai da ziyara na tsawon lokaci, har aka juya waɗansu ayarori zuwa Roma da ƙasar Girka. A Yunin 2025 kuma faɗan Isra'ila da Iran na kwana 12 ya sa an rufe sararin sama. A sami amsar wannan tambaya a rubuce kafin a biya.

Jiki ma yana son shiri

Ƙasarmu shimfiɗe ta ke kamar faifai, Urushalima kuwa a kan tuddai ta ke, wajen mita 750 bisa teku. Ku tuna da duwatsun Kazaure, sa'an nan ku ƙara musu matakalai na dutse masu santsi. Cikin tsohon birni da ƙafa a ke yawo. Wanda ya saba da babur ya fara tafiyar ƙasa ta awa guda kowace safiya tun saura wata biyu. A tafi da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi.

Daminarsu tana zuwa ne a lokacin hunturunmu. Wanda tafiyarsa ta faɗo a Disamba ko Janairu zai tarar da ruwan sama da sanyin da ya fi na ɗarinmu, wata shekara har da ƙanƙara. A riƙi rigar sanyi mai kauri da laima. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya sa maganinsa a jakar hannu tare da takardar likita.

Ɗan jagora da agogonsa

Jirgi ya kan sauka kusa da Tel Abib, wajen kilomita 50 daga Urushalima, wani lokaci kuma a Amman ta ƙasar Jodan, a shiga da mota. Daga nan ayari ya shiga hannun ɗan jagora. Kowace babbar mota da jagoranta, mutumin da ya yi wajen shekara biyu yana koyon aikin kafin a ba shi lasisi. Ana fita da sassafe, a rana guda a kan tsaya wuri biyar ko shida. A kowane wuri zai yi bayani, a karanta nassi, a yi addu'a, a ɗauki hoto, sai ka ji ya tafa hannu a koma mota.

Ga inda asarar ta ke. Bayaninsa da Turanci ne, da sauri kuma. Wanda bai shirya ba zai yi kwanaki yana bin tutar jagora, ya dawo bai iya bambanta Kafarnahum da Kana ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Maganin abin a gida ya ke. Ku nemi jerin wuraren da za a je tun da wuri, ku sayi ɗan littafin rubutu, kowane wuri ku ba shi shafi guda, ku rubuta surar da ta yi zancensa. Kowane dare iyali su karanta sura ɗaya tare, a duba taswirar da ke bayan Littafi Mai Tsarki. Ta haka yara ma sun sami rabonsu tun ba a tashi ba. Wanda ba ya jin Turanci ya nemi abokin zama mai ji tun a filin jirgi, ya roƙi shugaban ayari ya riƙa ba da minti biyu domin fassara.

Mai shiri zai ga abin da littafi ba ya iya nunawa. Daga Urushalima zuwa Yariko bai kai daga Ɗanbatta zuwa Kano ba, amma Yariko tana wajen mita 250 ƙasa da teku, wato gangarar mita 1,000 ke nan, har kunne ya kan toshe a mota. Wanda ya bi wannan hanya ta hamada ba zai sake karanta labarin Basamariye mai kirki kamar da ba. Daga Nazarat zuwa Baitalami kuma wajen kilomita 150 ne, kusan kamar Kano zuwa Zariya. Iyayenmu mata su auna wannan da tsohon ciki.

Matambayi ba ya ɓata

Akwai tambayar da mu ke so kowa ya koya: "Malam, wannan wuri haƙa aka yi aka tabbatar, ko kuwa al'ada ce ta nuna shi?" Jagoran kirki yana jin daɗin wannan tambaya. Romawa sun rushe birnin a shekara ta 70, aka yi ta gini bisa gini, har titunan zamanin Yesu su ka koma ƙarƙashin ƙasa. Ganuwar da za ku gani Sarkin Turkawa Sulaimanu ne ya gina ta wajen 1540. Tsawonta kilomita 4 ne kawai, badalar Kano ta ninka ta fiye da sau uku.

Waɗansu wurare tabbatattu ne. Dutsen Zaitun da Tekun Galili suna nan inda su ke. An haƙo tafkin Betasda na Yahaya sura 5. A 2004 masu gyaran bututu su ka ci karo da matakalan tafkin Siluwam. Ramin ruwan da Sarki Hezekiya ya huda cikin dutse, mai tsawon mita 533, har yanzu ruwa yana gudu a ciki. Amma Hanyar Azaba mai zango 14, wadda a ke bi da gicciye ran Jumma'a, a ƙarnonin baya-bayan nan aka tsai da ita yadda ta ke.

Kabari ma biyu za a nuna muku. Akwai Majami'ar Kabari Mai Tsarki, wadda aka keɓe a shekara ta 335 zamanin Sarki Kustantin, yawancin masana kuma sun fi karkata gare ta. Akwai kuma Kabarin Lambu a bayan Ƙofar Dimashƙu, wanda ya yi suna bayan ziyarar Janar Gordon a 1883. Wuri ne mai shiru, ayarori da yawa a nan su ke cin Jibin Ubangiji. Kada wannan ya girgiza kowa. Bangaskiyarmu tana kan tashin Ubangiji, kaburburan nan biyu kuwa duk babu kowa a ciki.

Gari ne na mutane

Urushalima gari ne mai rai, Yahudawa da Musulmi da Kirista duk suna ɗaukarsa da tsarki. Daga faɗuwar rana ta Jumma'a zuwa daren Asabar kantunan Yahudawa a rufe su ke, yawancin manyan motocin haya kuma ba sa aiki. A Bangon Yamma maza da mata dabam su ke tsayawa, maza su rufe kai. Harabar Masallacin Ƙudus tana da sa'o'in da a ke barin wanda ba Musulmi ba ya shiga, ba a kuwa shiga da Littafi Mai Tsarki ko a yi addu'a a can. Mu da mu ka tashi tare da maƙwabta Musulmi mun san irin wannan ladabi tun a gida.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Ɗariku shida ne ke raba Majami'ar Kabari, amma mabuɗin ƙofarta yana hannun Musulmi. Gidan Judeh ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa, al'adar da a ke dangantawa da zamanin Salahuddin, wanda ya ci birnin a 1187. A kan rufin majami'ar akwai 'yan ɗakunan sufaye na Habasha. Kusa da wata ƙofar Masallacin Ƙudus da a ke kira Babul Majlis kuma akwai unguwar baƙar fata, jikokin mahajjatan da su ka fito daga Nijeriya da Chadi da Sudan da Senegal su ka zauna, cikinsu har da Hausawa. Yawanci jagora ba ya faɗin wannan sai an tambaye shi.

Baitalami, wajen kilomita 10 kudu da birni, tana hannun Hukumar Falasɗinawa tun 1995. Akwai shingen bincike a hanya, don haka fasfo ya zauna a jiki, sau da yawa kuma a kan canja jagora. Kiristan garin da baƙi su ke ci, a 2023 da 2024 kuwa ko bikin Kirsimati na fili ba su yi ba saboda yaƙi. In za ku sayi tsarabar itacen zaitun, sayenta a wurinsu taimako ne ga 'yan'uwa. Amma ku sani kantin da mota ta tsaya a ƙofarsa ba lalle ne ya fi araha ba, gama sau da yawa akwai la'ada a ciki. Ku yi ciniki kamar a Kurmi, ku ƙayyade kuɗin tsaraba tun daga gida. Ruwan Urdun a kwalba kuwa ruwa ne, kada a dawo da shi a mai da shi laya. Zancen siyasar ƙasar kuma a saurara da yawa, a faɗi kaɗan, domin kowane ɓangare akwai gidan da ya yi makoki.

In Allah ya dawo da ku lafiya, ɗan littafin nan shi ne babbar tsaraba. Ku roƙi fasto ya ba ku Lahadi huɗu a makarantar Lahadi, ku zana taswira a allo, ku nuna wa yara inda Galili ta ke da inda Yahudiya ta ke. Wanda kuma bai sami zuwa ba, kada ya ji ƙasƙanci, ya zo ya zauna a gaba ya yi tambaya. Masu shirin tafiya bana, Ubangiji ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.