Giliya: rabin ƙwaƙwalwarka da ba a koya maka ba

1/ Jama'a, yau kamfen zan yi wa wasu ƙwayoyin halitta da aka daɗe ana danne wa haƙƙi. Sunansu giliya. Duk wanda ya yi bayoloji a sakandare ya zana niyuron da doguwar jelarsa. Giliya kuwa layi biyu ake ba su a ƙarshen babi. Ni a ganina wannan kuskure ne a yadda ake koyar da mu.

2/ Rainin tun daga suna ya fara. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya raɗa musu shi a 1856, daga kalmar Girkanci mai nufin gam. Wato wai aikinsu kawai su manne jijiyoyi wuri ɗaya.

3/ A 2009 Suzana Herculano-Houzel ta Birazil da abokan aikinta suka ƙirga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum. Niyuron kusan biliyan 86, sauran kuma, mafi yawansu giliya, kusan biliyan 85. Kunnen doki kenan. In handawut ɗinka har yanzu yana cewa giliya sun ninka niyuron sau goma, tsohon zance ne.

4/ Akwai astrosait masu siffar tauraro. Su ke ciyar da niyuron, su share sinadaran da suka rage bayan an tura saƙo, su kuma taimaka wa katangar da ke tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa daga jini. Maikrogiliya 'yan sintiri ne, suna cinye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyi. Ifendaima suna shimfiɗe a kogunan da ruwan ƙwaƙwalwa ke gudana.

5/ Waɗanda suka fi burge ni su ne masu naɗe jijiya da wani kitse da ake kira mayalin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A ƙwaƙwalwa da laka oligodendrosait ke yin aikin, a sauran jiki kuma ƙwayoyin Schwann. Jijiyar da aka naɗe tana iya tura saƙo mita 120 a daƙiƙa. Wadda ba a naɗe ba, da ƙyar take wuce mita biyu.

6/ To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye: kuturta. Ƙwayar cutar da Gerhard Hansen ya gano a Nowe a 1873, cikin ƙwayoyin Schwann take shiga ta zauna. Jijiyar hannu da ƙafa ta lalace, mutum ya daina jin zafi.

7/ Ka ɗauki tukunya mai zafi ba ka ji ba. Ka taka ƙusa, ka yini kana tafiya a kai. Ciwo ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye, a hankali yatsu su gajarce. Ba haka kawai suke faɗuwa ba kamar yadda aka tsorata mu muna yara. Ba baki ba ne, ba kuma gado ba ne.

8/ Kuma tana warkewa. Wata shida zuwa shekara ɗaya ake shan magani, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take bayar da shi kyauta. Matsalar ita ce maganin yana kashe ƙwayar cutar, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba lallai ta dawo ba. Kunyar da muke ɗora wa masu cutar ita ke sa su ɓoye har lokaci ya ƙure.

9/ Wasu za su ce ai niyuron ne ke ɗauke da saƙon, dole ya fi samun shafuka. Na yarda. Amma ɗalibin lafiya da bai san Schwann ba, ta ina zai gane abin da ke faruwa a hannun majinyacinsa?

10/ In ka ga tabo mai haske a fatarka ko ta wani naka, aka taɓa wurin ba ya ji, kar a tsaya shafa maganin makero. A je asibiti a duba.