Siririyar Waya da Aljihun Malamin Firamare

 A shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan, kuɗin layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma mai riƙe da waya abin nunawa ne da yatsa. Yau lamarin ya juye. Malamin da ba shi da babbar waya shi ne ake nema a rasa. Da ita muke ganin shigar albashi, da ita ake sanar da mu ranar tantancewa, ta cikinta takardar ofishin Sakataren Ilimi take isa Garun Danga da Joda da Mekiya kafin mai babur ya tayar da injinsa daga Zakirai. Ba wanda ya zaunar da mu ya nemi yardarmu, amma waya ta shiga sahun alli da allo da rajista. Tunda ta zama kayan aiki, wajibi ne mu auna ta da ma'aunin kayan aiki, yadda manomi yake auna fartanya kafin ya biya maƙeri.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne yayin da ake ciki na siraran wayoyi. A 2025 manyan kamfanonin duniya suka shiga tseren rage kauri. Samsung ya fitar da Galaxy S25 Edge mai kaurin milimita 5.8, Apple ya biyo baya da iPhone Air mai milimita 5.6. Waɗannan ba namu ba ne, ko a mafarki. Sai dai kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, wanda wayoyinsa suka cika aljihunmu, ya kawo yayin har ƙofar gida. Akwai itel S25 Ultra mai milimita 6.9, akwai Infinix Hot 60 Pro+ da Tecno Spark Slim waɗanda ba su cika milimita 6 ba. Ana tallar su da suna masu sauƙin kuɗi, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya ga yadda suke ɗaukar ido a cikin gilashi.

Mu fara da yi musu adalci. Wayoyi ne masu kyau, marasa nauyi, fuskarsu tana da haske, rubutu yana fita tar, abin da malamin da idonsa ya fara gajiya zai yaba. A da, siririyar waya tana nufin ƙaramin batir. Waɗannan sababbin sun rage wannan aibi, domin batirinsu yana kai 5,000 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwali, daidai da na masu kauri. Wanda yake da hali, kuma ransa yake so, ba mu da ta cewa a kansa. Tambayarmu ta shafi malamin da albashinsa yake ƙarewa kafin wata ya raba.

Kalmar araha ita ce farkon abin dubawa. Araha a wurin wa? A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta amince da naira 71,000 a watan Oktoban wannan shekarar. Siraran wayoyin nan da muka ambata, ba a samun sabuwar ɗayansu da kuɗin da bai haura wannan albashi na wata biyu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka kuɗin waya ba ya ƙarewa ranar da aka saye ta. Kullum tana cin kati, tana cin data, tana cin caji, kamar akuyar da aka ɗaure a turke lokacin bazara.

Ga lissafi irin wanda muke koya wa 'yan aji shida. A ce waya ta naira 150,000 ta yi shekara 3 tana aiki. Kowane wata ta ci kusan naira 4,200. A ce wata ta naira 100,000 ta mutu a shekara guda. Kowane wata ta ci sama da naira 8,300. Wadda ta fi tsada a kanti ita ce ta fi sauƙi a gida. Farashin waya na gaskiya shi ne kuɗinta a raba da watannin da za ta rayu, a haɗa da kuɗin gyara. Da wannan ma'auni ya kamata mu tunkari siririyar waya, mu tambaye ta yadda za ta yi da rayuwarmu.

Rayuwar tamu kuwa sananniya ce. Malami yana hawa babur ko keke a kan hanyar burji, wayar tana aljihun gaba ko cikin jaka tare da littattafai da mabuɗai. Malama tana fitowa da goyo, wayar tana hannun yaro kafin a ankara. Daɓen ajinmu siminti ne, inda ma akwai daɓen. Yawancin siraran wayoyin nan fuskarsu mai lanƙwasa ce a gefe, irin wadda ake kira AMOLED. Gefen da ya lanƙwasa shi ne yake fara dukan ƙasa, gilashin kariya na gama-gari ba ya zama a kansa da kyau, kuma in ta fashe, canjinta ya fi na shimfiɗaɗɗiyar fuska tsada nesa ba kusa ba. Mai gyaran ƙauye ba lallai ne ya ajiye irinta ba. Sai an hau mota ta Gezawa zuwa birni, a kashe kuɗin mota, a rasa yinin aiki. Abin dariyar shi ne, duk mai hankalin da ya sayi siririyar waya, abu na farko da yake yi shi ne ya saya mata riga mai kauri. Ya biya kuɗi an rage kauri, ya sake biyan kuɗi ya mayar da shi.

Sai zafi da ƙura. Batirin wayoyin zamani ba ya shiri da zafi, yana rage masa kwana. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yana haura digiri 40, ga shi yawancinmu ba a gida muke caji ba. Wayar tana kwana ko tana yini a shagon mai caji, cikin tarin wayoyi, a kan janareta ko sola, da kowace irin caja aka samu. Lokacin hunturu kuma ƙura tana cika ramin caji da na lasifika. Wayar da za ta zauna da mu sai wadda batirinta zai kai yini biyu a aiki na hankali, wadda kuma in batirin ya gaji za a samu irinsa a canja ba tare da an sayar da tunkiya ba.

Akwai wani ɗan rami da tseren siranta yake yawan cinyewa, wato ramin iyafis. Mutanen birni ba za su damu ba. Mu kuwa mutanen rediyo ne. A yawancin wayoyi, igiyar iyafis ita ce eriyar da take kamo tashoshin FM, kuma sauraren rediyo ta wannan hanya ba ya cin data ko ta kwabo. In babu ramin, sau da yawa sai a koma sauraren Rediyon Kano ko Freedom ta intanet, a biya kuɗin abin da iska take kawowa kyauta. Haka nan ramin katin memori. Malamin da yake tara littattafai da hotunan allo da karatun da yake saurare yana buƙatar wurin ajiya da zai iya cirewa ya mayar a wata wayar. Kafin a biya, a juya wayar a duba gindinta da gefenta.

Abin da ke cikin waya ya fi abin da ke bayanta. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake rubuta RAM, kada ta gaza giga 4, ma'ajiya kuma kada ta gaza giga 64, in da hali 128. A kula da kwalin da aka rubuta lambobi biyu da alamar tarawa a tsakaninsu. Lamba ta farko ita ce ƙwaƙwalwar gaske, ta biyun aro ce daga ma'ajiya, ba ta da saurin ta farko. A tabbatar wayar tana kama 4G, amma kada a ƙara kuɗi saboda 5G a garin da kira ma sai an nemi tudu. A duba shekarun manhajar Android da ke kanta, domin manhajoji suna yaye tsofaffin wayoyi. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk wayar da Android ɗinta bai kai na 5 ba, manhajojin banki ma haka suke yi lokaci zuwa lokaci. Tsohuwar babbar waya da aka shigo da ita ta hannu tana iya yin kyau a ido alhali kwananta ya kusa ƙarewa.

Wanda zai sayi ta hannu, ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit. In babu rasit, ya haƙura. Dukanmu mun san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano, kuma wayar sata tana iya kai mai sayenta gaban hukuma ko da bai san asalinta ba. Mutuncin malami ya fi ragin da za a yi masa. Wannan ma wani dalili ne na guje wa waya mai ƙyalli: abin da ya ɗauki idon mai saye yana ɗaukar idon ɓarawo.

Babban abin tsoro shi ne bashi. Yanzu akwai tsarin da ake ba mutum waya ya biya wani kaso, sauran ya riƙa biya wata-wata. Jimillar abin da zai biya takan haura farashin kanti sosai, kuma in ya yi jinkiri, sai a kulle wayar daga nesa ta zama dutse a hannunsa. Mu da muka san cewa ranar albashi ba a hannunmu take ba, yaya za mu ɗaure kayan aikinmu da igiyar da wani zai ja ranar da ya ga dama? Wayar za ta rufe daidai lokacin da ake jiran ta kawo labarin albashin da za a biya bashinta da shi. Ga kuma manhajojin ba da rance da suka yi ƙaurin suna wajen aika wa dangin mutum da abokan aikinsa saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kafa musu ƙa'idoji a 2022, Google kuma ya hana su leƙa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen watan Mayun 2023. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda za a ci don magani daban, wanda za a ci don ado daban. Da yawanmu kuma ba ma son kusantar duk abin da ke da ƙanshin riba.

Hukuncinmu a kan siririyar waya mai sauƙin kuɗi shi ne: tana da kyau, tana aiki, amma wani kaso na kuɗinta na siranta ne da ƙawa, abubuwan da ba sa ƙara wa darasi komai, suna kuma ƙara tsadar gyara. Da kuɗin da bai kai nata ba ana samun mai ɗan kauri, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, mai ramin iyafis da na memori, wadda kayan gyaranta suke ko'ina. Ragowar kuɗin ya sayi riga da gilashin kariya da caja ta asali, ko ya shiga buhun taki kafin damina.

Sai dai maganar ba ta tsaya a kan zaɓin mutum ɗaya ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da buƙatu uku da ya kamata reshenmu na NUT ya ɗauka.

Na farko, mu yi sayen taro. Adashin da muke yi na azumi da na sallah zai iya ɗaukar waya. In malamai ashirin suka haɗa kuɗi, aka wakilta mutum biyu masu ido su je wurin dila a Kano, za a samu ragi, a samu rasit da takardar garanti, ba ruwa, ba kulle waya.

Na biyu, mu gaya wa hukuma gaskiya cikin ladabi. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, mun kuwa yi maraba. Amma in hukumar SUBEB da ofisoshin ilimi za su ci gaba da aiko da umarni ta waya, suna neman a turo sunayen ɗalibai da hotuna da fom ta waya, to waya da data sun zama kayan gwamnati da malami yake saye daga aljihunsa. Ko dai a sa alawus na data, ko a ba kowace makaranta waya ɗaya ta aiki da ƙaramin sola na caji. Kuma kada a hukunta malami a kan sanarwar da ba ta zo masa a takarda ba. Wanda wayarsa ta mutu, ko sabis ya ɗauke a ƙauyensa, bai yi laifi ba.

Na uku, mu kiyaye amanar da ke cikin wayoyinmu. Sunaye da hotuna da sakamakon 'ya'yan mutane suna ciki. Tun watan Yunin 2023 ƙasar nan take da dokar kare bayanan jama'a, amma ko babu doka, iyaye sun ba mu amana. A sa wa waya makulli, a cire layin banki kafin a bar ta wurin mai caji ko mai gyara, a goge komai kafin a sayar.

Ɗalibanmu suna kallon abin da ke hannunmu, suna koyon yadda ake kashe kuɗi daga gare mu kafin su koyi yadda ake nemansa. In suka ga malaminsu ya shekara huɗu da waya ɗaya, tsaf da ita, ba bashi a kanta, sun samu darasin da babu shi a manhajar karatu. Muna roƙon shugabannin reshe su sa waɗannan buƙatu uku cikin ajandar taronmu na gaba, kowa kuma ya zo da shawararsa. Allah ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.