Sharhi: A Zana wa Yaran Njamena Koginsu a Kan Allo

Sharhinmu na yau ya leƙa azuzuwan makarantun Njamena ne.

Yaron da ya tashi a unguwar Waliya ko Farsha ko Dembe, da Larabcin Shuwa yake ciniki a kasuwa. A gida kuwa wataƙila Ngambai ake yi masa, ko Kanembu, ko Hausa, domin harsunan Chadi sun haura ɗari. Ranar da aka kai shi makaranta sai ya tarar malam yana zuba Faransanci ko Larabcin littafi, harsuna biyun da gwamnati ke aiki da su. Ga baƙon darasi, ga baƙon harshe. Shi ya sa alƙaluman Bankin Duniya ba su ba kowa mamaki ba, da suka nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Chadi masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Ba za mu ce zane zai warkar da wannan ciwo ba. Amma zanen bayani, wato taswira, ko jadawali, ko sandunan da tsawonsu ke nuna yawa, ko kibiyoyin da ke nuna abin da ya haifi wani, yana da wata baiwa: doguwar sanda doguwa ce ga ɗan ajin Faransanci da ɗan ajin Larabci. Yaro yana fara kama ma'anar da ido, sannan malam ya ɗora masa kalmar a kai, ta samu wurin zama.

Ma'aikatan lafiya sun riga malamai gane haka. Masu yaƙi da ciwon kurkunu a ƙauyukan bakin kogin Shari da hotuna suke yawo: ga yadda ake tace ruwa, ga yadda ake binne hanjin kifi, ga karen da aka ɗaure don kada ya shiga ruwa. Masuncin da bai taɓa zama a aji ba yana dubawa ya gane.

To me ya hana makaranta? Da an ta da maganar sai a ce babu kwamfuta, babu majigi, intanet da tsada. Duk gaskiya ne, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun lantarki, kuma malamai da yawa iyayen yara ne ke harhaɗa musu ɗan abin da za su karɓa a ƙarshen wata. Sai dai wannan uzuri ya ɗauka cewa zanen bayani sai wanda aka sauko da shi daga waya, mai launi bakwai, wanda galibi ma dusar ƙanƙarar Faransa yake nunawa. Alli da allo sun isa.

Ku ɗauki kogin da ke bayan gida. A watan Oktoban 2022 kogunan Shari da Logon suka cika suka batse, ruwa ya ci Waliya da maƙwabtanta, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. A 2024 ruwan ya dawo, tsawonsa ya haura mita 8 a Njamena. Yaran da suka kwana a tantuna su ne zaune a aji. A ba su tsawon ruwan kogin na kowane wata, su ja sanduna goma sha biyu da hannunsu. Da kansu za su lura cewa damina na yin ƙarfi a Agusta, amma kogin ba ya kai maƙura sai wajen ƙarshen Oktoba, lokacin da sama ta riga ta ɗauke. Wani zai ɗaga hannu ya ce, malam, don me? Daga nan an shiga labarin ƙasa, domin ruwan daga kudu yake tahowa, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru, kuma tafiyar makonni ce. An yi lissafi, an yi kimiyya, an kuma koyi abin da zai iya ceton kayan gida.

Akwai kashedi. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma ido ma ana yaudararsa. Kowa ya san jerin hotunan tauraron ɗan'adam na Tafkin Chadi: faɗinsa kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, sannan bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ɗan kaɗan. Hoton bai yi ƙarya ba, amma ya yi shiru a kan sauran labarin. Tafkin ba shi da zurfi, yana faɗaɗa yana tsukewa da yanayin shekara, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tun shekarun 1990 bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Ɗalibin da aka nuna wa hoton kawai zai tafi da cewa tafki ya mutu. Wanda aka koya wa tambayar wane ne ya zana, a wace shekara ya fara, a wace ya tsaya, da rani aka ɗauka ko da kaka, shi ne ba za a ruɗa da zanen da ake turowa a WhatsApp ba. A ganinmu wannan ya fi zanen kansa daraja.

Hedikwatar Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, a nan Njamena take, da alƙalumanta na ruwa. Cibiyar tsara manhajar karatu ta ƙasa ma tana nan, haka makarantun horon malamai. Kiranmu gare su shi ne su zauna tare, su fitar da waɗannan alƙaluma a takarda guda mai sauƙi, da Faransanci da Larabci, a raba wa makarantu, a kuma koya wa kowane ɗalibin malanta yadda zai mayar da su zane a kan allo kafin a ba shi aji. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo, ku ce ya zana muku abin da ya koya yau, ko da a ƙasa ne da tsinke.